Abin da ɗan sanda ke binka a kan titi, da abin da ba ya binka

Direbobin haya da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya da yawan shingaye suke auna nisan tafiyarsu. Haka ma wanda ya tashi daga Daura ya nufi Kongolam. Ba duka shingayen ne na 'yan sanda ba, akwai na kwastan, da na shige da fice, da na soja, da na masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, amma ɗan sanda ne talaka ya fi cin karo da shi, a daji da cikin gari. Tun daga nesa za ka hango tsofaffin tayoyi da duro da katako mai ƙusoshi an gitta a kan kwalta. Direba zai rage gudu, ya zaro naira 200 daga cikin canjin da ya ware tun a tasha, ya dunƙule ta a tafin hannu, ya zura hannun ta taga. Hannu ya taɓa hannu, a janye katako, mota ta wuce. Ba a buɗe but ba, ba a leƙa fuskar kowa ba, ba a tambayi abin da ke cikin buhunan da aka ɗaure a sama ba. Fasinjoji ko ɗaga kai ba sa yi, domin abin ya riga ya zama jiki.

Abin da ke damuna shi ne, mun juya lamarin gaba ɗaya. Akwai abubuwan da ɗan sanda ke bin mu a kan hanya, doka ce ta ɗora mana su, su ne muke hana shi. Akwai kuma abubuwan da ba shi da haƙƙin karɓa ko kaɗan, su ne muke miƙa masa tun kafin ya tambaya. Mutum zai fito da mota ba lasin, ba inshora, idan an tsayar da shi ya hau faɗa ko ya nemi gudu. Shi ɗin dai kuma za a ce ya buɗe wayarsa ya buɗe, a ce ya kawo na ruwa ya kawo, a kama ƙanensa saboda laifin da ba shi ya yi ba ya tafi ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin beli yana godiya.

Bari in fara da bashin da ke kanmu, don kada wani ya ɗauka zuga jama'a nake yi su raina hukuma. Idan ɗan sanda ya ɗaga maka hannu, ka tsaya. Doka ta ba shi ikon tsayar da mutum ko abin hawa ya bincika idan yana da dalilin zargi, kuma sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa taimaka wa hukumomin tsaro wajen tabbatar da doka da oda cikin wajiban ɗan ƙasa. A jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a Disambar 2020, jihar da mutanen Batsari da Safana da Faskari da Sabuwa suka san abin da ake nufi da kwana a daji, mai hankali ba zai ce a daina binciken motoci ba. Bindigogi da harsasai da man fetur da ƙwayoyin da ke isa dazuzzuka ta kan hanyoyin nan namu suke bi.

Saboda haka ka gangara gefen titi a hankali. Idan dare ne ka kunna fitilar cikin mota, ka rage rediyo, ka bar hannunka inda zai gan shi. Kada ka yi saurin cusa hannu a aljihu ko ƙarƙashin kujera ba ka faɗa masa abin da za ka ɗauko ba, domin mutumin da ke gabanka yana riƙe da bindiga, kuma shi ma tsoro yake ji, ya san abokan aikinsa da aka yi wa kwanton ɓauna a irin wannan wuri. “Sannu da aiki, yallaɓai” ba ta rage wa kowa daraja. Ka faɗi sunanka da inda ka fito da inda za ka. Takardunka su zama cikakku: lasin tuƙi, takardun mota, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida tun Janairun 2023. Mai kurkura da ɗan acaɓa ma akwai nasu takardun. Rabin wulaƙancin da direbobinmu ke sha daga nan yake farawa, domin wanda ya san takardunsa ba su cika ba bakinsa ya mutu tun kafin a buɗe magana.

Ga samarinmu kuwa, musamman na cikin gari da jini ke ɗiba: kada ku gudu, kada ku kama rigar ɗan sanda, kada ku taru ku ƙwace wanda aka kama. Sashe na 98 na dokar 'yan sanda ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, ga wanda ya doki ɗan sanda ko ya hana shi aikinsa. Yaron da ya tsere da babur daga shinge a Ƙofar Ƙaura saboda ba shi da lamba, ya mayar da ƙaramin laifi babba, kuma ya sa ransa da na wanda ya goya a bakin bindiga. Ko da kamun zalunci ne, wurin ƙwato haƙƙi yana gaba, a ofis da kotu.

Iyakar bashin ke nan: tsayawa, natsuwa, gaskiya, takardu. Kuɗi ba ya ciki.

A watan Satumbar 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1943, zamanin Turawa. Ina shakkar ko mutum ɗaya cikin waɗanda ke cika motar Daura zuwa Katsina kullum ya taɓa jin abin da ke cikinta, alhali an rubuta ta ne saboda irinsu. Dokar ta ce wanda zai tsayar da kai ya bincike ka dole ya kasance cikin kaki, ko ya rataya katin shaidar aiki inda za a gani. Kafin ya fara caje ka, sai ya gaya maka sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin da ya sa yake zarginka. Ka ga ashe tambayar “Yallaɓai, me ake nema?” ba rashin kunya ba ce. Idan kuma mace za a caje, ƙa'ida ita ce mace 'yar uwarta ta caje ta.

Sashe na 54 shi ne na fi so mutanenmu su sani. Ya ce launin fatar mutum, ko shekarunsa, ko askinsa, ko irin suturarsa ba sa zama dalilin zargi, haka nan ɗaukar cewa wasu irin mutane sun fi wasu aikata laifi. A Kudu an fi kawo wannan sashe kan samari masu tara gashi da masu ɗauke da kwamfuta. A nan wurinmu yana da wata fuskar da ba ma son magana a kanta. Bafulatani zai taso daga ruga ranar kasuwa, da sandarsa da malafarsa, da kuɗin san da ya sayar a aljihu. A shinge shi kaɗai za a ce ya sauko cikin mota mai mutum goma. Za a zazzage aljihunsa, a ga kuɗi, sai tambaya ta koma ina ya samo su. Sauran fasinjoji su yi shiru, wasu ma a ransu suna cewa ai gara a bincike shi. Na fahimci inda wannan zafin ya fito, mutane sun rasa 'yan uwa da dukiya. Amma ɗan bindiga da makiyayi mai neman halalinsa ba abu ɗaya ba ne, kuma shi makiyayin sau da yawa shi aka fara kore wa shanu. Duk ranar da aka wulaƙanta shi a gaban jama'a aka raba shi da kuɗinsa, an rasa mutumin da ya fi kowa sanin hanyoyin daji, wanda da zai iya kawo labari ga hukuma. Ya koma gida da darasin cewa hukuma ba tasa ba ce. Masu ɗaukar yara aiki a daji irin wannan ɓacin ran suke jira.

Sai maganar waya. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. A farkon Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin a rushe rundunar SARS ta 'yan sanda mai yaƙi da fashi ranar 11 ga watan, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito ya hana jami'ansa binciken wayoyi da kwamfutocin mutane a kan titi ba tare da izini ba. Wayar mutum a yau ita ce akwatin sirrinsa: hotunan iyalinsa na ciki, hirarsa da matarsa na ciki, asusun bankinsa na ciki. Wanda ya ce ka buɗe ya ga saƙon banki, ka san ba ɓarawo yake nema ba. Idan akwai zargi na gaske, misali an kai ƙarar ƙwacen waya kuma taka ta yi kama da ita, to wannan bincike ne da ake yi a caji ofis, a rubuce, a gaban shaida. Kana iya cewa cikin ladabi, “Yallaɓai, idan akwai zargi a kaina mu je ofis.”

Idan ta kai ga kamu, tsarin mulki bai bar mutum a duhu ba. Sashe na 35 ya ce kana da ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a sanar da kai dalilin kama ka a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, sai dai manyan laifuka masu hukuncin kisa da ke da nasu tsari. Dokar 2020 ta ƙara da cewa a sanar da danginka inda kake ba tare da an caje ka ko sisi ba, kuma a gaya maka cewa Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana ba marasa hali lauya kyauta. Duka da rataya da ƙona mutum don ya amsa laifi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa musu ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda bai iya karatun boko ba: kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Mutane da yawa suna kwance a gidan yari saboda bayanin da wani ya rubuta da Turanci suka dangwala don a bar su su huta.

Akwai abubuwa biyu da dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta ƙarara waɗanda a nan mu da kanmu muke ciyar da su. Na farko kama wani a madadin wani. Sashe na 36 ya hana. Amma har gobe za a je neman yaro a rasa shi, a tafi da mahaifinsa tsoho ko matarsa, a ce sai ya kawo kansa. Addininmu ya riga doka faɗa cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Na biyu bashi. Dokar ta ce ba a kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya, wannan aikin kotu ne. To wa ke kai ƙarar? Mu ne. Ɗan kasuwa yana bin abokin cinikinsa kuɗin buhun gero ashirin, maimakon ya je kotu ko ya kai wa shugabannin kasuwa ko mai unguwa, sai ya tafi caji ofis, ya ba da kuɗin mai, a ɗauko masa mutum a jefa bayan kanta har sai danginsa sun haɗa kuɗi. Ya fito yana alfahari cewa ya nuna masa iyakarsa. Wanda ya yi haya da ɗan sanda yau don ya tsorata maƙwabcinsa, shi ya koya masa cewa ana hayarsa, kuma gobe wanda ya fi shi kuɗi zai yi haya da shi a kansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Beli kuma kyauta ne. A ofisoshi da yawa an rubuta haka a bango, mutane na zaune ƙarƙashin rubutun suna ciniki.

Yanzu in koma kan naira 200 ɗin nan, domin a ganina ita ce uwar matsalar, kuma a Katsina ta wuce maganar cin hanci kawai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta cewa a 2023 'yan Najeriya sun biya ma'aikatan gwamnati cin hancin tsabar kuɗi da ya kai naira biliyan 721, kuma irin waɗannan ƙananan kuɗin ne ke taruwa su zama haka. Amma ni asarar kuɗin ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. An kafa shinge ne don a tsayar da mugu. Ranar da shingen ya koma wurin karɓar kuɗi, duk mai kuɗin zai wuce. Direban da ya ɗauko mata masu tallar fura ya ba da 200 ya wuce. Wanda ya ɓoye harsasai ƙarƙashin buhunan masara ya ba da 1,000 ya wuce da murmushi, shi ne ma ba zai taɓa yin gardama ba. Infoma mai kai wa 'yan bindiga burodi da mai da katin waya ya bi ta wannan ƙofa da muka buɗe da hannunmu. Idan muka miƙa kuɗin muna cewa don mu huta da ɓata lokaci ne, to lalacewar binciken da zai kare ƙauyenmu muka saya. Kuma mai bayarwa ba shi da wanka: dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ta hukunta mai bayarwa kamar yadda ta hukunta mai karɓa, hadisi kuma ya la'anci su biyun.

Na san abin da direba zai ce da ni, kuma yana da gaskiya. Zai ce, “Malam, kai kana zaune kana rubutu. Ni in na ƙi bayarwa za a ajiye ni awa biyu a rana, fasinja su zage ni, in rasa lodi na biyu, ga mai mota yana jiran balas da yamma.” Wani kuma zai ce wa zai tsaya karanto sashe na 54 ga mai bindiga da ƙarfe goma na dare a dajin da ba kowa. Ba na ce wa kowa ya yi jayayya a irin wannan wuri. Ranka ya fi komai. Abin da za ka iya shi ne ka riƙe sunan da ke ƙirjin rigarsa, da lambar motarsu, da wurin, da lokacin, ka nemi fasinja ɗaya ko biyu da za su yarda su yi shaida. Washegari akwai DPO na yankin, akwai ofishin kwamishina, akwai sashen karɓar koke-koke da rundunar ta kafa tun 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ba kowane koke ne ke haifar da sakamako ba, amma an sha korar jami'ai da rage musu muƙami saboda ƙorafin da ya zo da shaida. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma, tsarin mulki ya ce a biya shi diyya a nemi afuwarsa a bainar jama'a.

Sai dai nauyin bai kamata ya faɗa kan direba shi kaɗai ba, domin shi ne mafi rauni a cikinmu. Ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin tasha kullum, ita ya kamata ta tabbatar kowace mota ta cika takardu, sannan ta zauna da kwamishina ta ce daga yau 'ya'yanmu ba sa bayarwa. Mota ɗaya ake iya ajiyewa a rana, ba a iya ajiye tasha guda. Fasinjoji ma su daina yi wa direba ihun “ka ba su mu wuce”. Manyanmu kuwa, alhazai da 'yan siyasa da manyan ma'aikata, su ne suka fi ba ni takaici. Idan an tsayar da ɗayansu sai ya ɗaga waya ya kira wani babba, a sara masa ya wuce. Ya tsira shi kaɗai, ya bar dokar a inda take, ta ci gaba da faɗa wa wanda ba shi da lambar kowa. Da masu faɗa a ji za su riƙa tsayawa, su nuna takardu, su ƙi bayarwa, su kuma tsaya wa ɗan acaɓan da ake mari a gabansu, da abin ya canja da wuri.

Ba na mantawa da cewa ɗan sandan nan ɗanmu ne. Kurtun da ke tsaye a rana a kan hanyar Dutsin-ma daga irin gidajenmu ya fito. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai 400,000 ba ga jama'a sama da miliyan 200, barikokinsu kowa ya ga halin da suke ciki, kuma da yawansu sun bar marayu a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga a wannan jiha. Haƙƙinsu ne a biya su albashin da zai riƙe su, a ba su mai da kayan aiki, a kula da iyalan waɗanda suka rasu, kuma ya kamata mu riƙa faɗar haka da ƙarfi kamar yadda muke faɗar laifinsu. Amma gwamnati suke bi wannan bashin. Mai kurkura ba shi ya hana su albashi ba. Katsina ta ba ƙasar nan Sufeto Janar har biyu, M.D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999, don haka aikin ɗan sanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma muna da bakin da za mu ce a gyara shi. Haka jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023, da 'yan sintiri, su ma tsarin mulkin nan ya ɗaure su, ba su da ikon dukan kowa ko tsare shi yadda suka ga dama.

Abin da ya rage shi ne dokar ta iso kunnen masu ita. Tana nan da Turancin lauyoyi, a cikin littafin da direban tasha ba zai taɓa gani ba. Ina kira ga ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina da Ma'aikatar Shari'a ta jiha su fassara sassan da suka shafi tsayarwa da bincike da kamu da beli zuwa Hausa, da boko da ajami, a takarda guda. A manna ta a kowace tasha daga Funtuwa zuwa Mai'aduwa, da bakin kowane caji ofis, tare da lambar da za a kira a kai ƙara. Gidajen rediyon jiha su riƙa karanta ta, a gayyato kakakin rundunar ya amsa tambayoyin masu sauraro kai tsaye. Limamai su ware huɗuba guda a kan cin hancin hanya, su ambaci mai bayarwa da mai karɓa. A kuma kai kwafin takardar ga hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, domin su ne mutum ke fara nema idan an tafi da ɗansa.